Batir ɗin motata yana yawan sauka, wai gajeriyar tafiya ce ke jawowa?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san kan mota ku ba ni shawara. Corolla ce gare ni ƙirar 2008, batir mai ams 62 ne a ciki kuma ko shekara bai yi ba da saye. Ina zaune Federal Low Cost nan Gombe, wurin aiki cikin gari, in ba cunkoso ko minti goma ba na yi a hanya. Da safe in sauke yara makaranta in wuce ofis, da yamma in dawo, sai ko masallacin Juma'a da ɗan cefane. To yanzu duk bayan 'yan kwanaki sai in murɗa makulli da safe in ji tana ƙar-ƙar-ƙar ta ƙi tashi, sai na je na buga wa maƙwabci ƙofa an jona. Na kai wa bakanikena ya ce altaneta, wato na'urar da ke caja batir in inji na aiki, lafiyarta lau, wai rashin doguwar tafiya ne, in riƙa barinta tana silo minti ashirin kullum da safe. Da tsadar man nan fa? Shin gaskiyarsa ne ko dai a batir ɗin aka cuce ni?

DanPantami:
Wa alaikumus salam. Oga batir ne kawai, na yanzu ba su da ƙarko. In da takardan garanti ka mayar musu tun wuri

Sarkin_Tasha:
Bakanikenka bai yi ƙarya ba. Ni Sharon nake ja Gombe zuwa Bauchi, tafi ɗaya kilomita wajen 150, batir a motana sai ya tsufa don kansa nake cire shi. Amma ka duba motocin ma'aikata da na matan aure, kullum su ne a wajen masu caji. Mota tana son tafiya malam, ba a saye ta don ado ba.

Maman_Sadik:
Sarkin tasha ka fara ko, mu matan aure me muka yi maka 😂 Amma wlh matsalar nan ni ma ita ce ta addabe ni. Tawa Honda ce kuma otomatik, ka ga ko turi ba ta ɗauka. Ranar nan a bakin Tsohuwar Kasuwa ta yi min, na lodo kayan miya da kaji biyu masu rai a but, rana tsaka, na murɗa shiru, fitilun dashbod ɗin ma sun yi dishi-dishi kamar za su mutu. Yara masu turin baro suka taru wai Hajiya a tura, na ce ku bari kawai ba irin wadda ake turawa ba ce, haka na zauna kajin suna ta haki har wani bawan Allah mai Golf ya tsaya ya ciro nasa batir ɗin ya ɗora min. Tun daga ranar wayar jona batir mai baki huɗun nan ba ta barin but ɗina.

Rewaya_Bolari:
Salamu alaikum. Baban Ilham wannan aikinmu ne, kuma irin motarka kullum sai an kawo mana. Kafin ka zargi mai shago ko bakanike ka sa a auna maka abu biyu da mita, ko minti biyar ba zai ci ba. Na farko da safe kafin a tayar da mota, a ɗora mita a kan batir. In cike yake za ka ga bolt 12.6 ko sama da haka kaɗan. In ka ga 12.4 ya ɗan sauka, 12.2 rabi ya tafi, in ya kai 12.0 ko ƙasa to wannan sunansa batir ne kawai amma kusan ba komai a cikinsa. Na biyu a tayar da ita a sake aunawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 zuwa 14.5, sannan a kunna esi da fitila mai nisa da rediyo a gani ko zai riƙe ko zai zube ƙasa da 13. In ya zube to ko altaneta ta fara gajiya ko fambel ya saki yana santsi. Da yawa bakanike zai ce maka altaneta lafiya saboda kawai fitilar batir ba ta kama a dashbod ba, alhali tana iya yin caji rabi-rabi fitilar ba ta nuna komai ba.
Maganar gajeriyar tafiya kuma, ka ɗauka randa ce a tsakar gida, kullum ana ɗiban kofi uku ana mayar da biyu, ba ranar farko za ka gane ba, sai wata safiya ka zura kofi ka ji ya bugi ƙasa.

Baban_Ilham:
Madalla, na gode ƙwarai Malam Rewaya. Gaskiya ban ga ya ɗora mita ba, kan batir ɗin kawai ya cire mota tana aiki, da ba ta mutu ba ya ce ai ka gani tana caji.

Rewaya_Bolari:
Innalillahi. Don girman Allah kar ka sake bari a yi maka haka. Wannan gwajin na zamanin 504 ne da ba ta da ƙwaƙwalwa. Motocin yanzu batir shi ke danne hawa da saukan wuta, in ka cire shi inji na aiki wutar tana iya yin tsalle ta ƙona maka ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ko diyod ɗin altanetar kanta, ka je neman gira ka rasa ido. Kuma ma ba ya nuna komai, altaneta mai rauni tana iya riƙe inji a silo amma ba za ta iya cika batir ba.

Injiniya_Kumo:
Ina tare da Rewaya a maganar mita ɗari bisa ɗari, amma ina da ja a kan lissafin randar. Mutane suna ɗauka tayar da mota yana shanye batir sosai, ba haka ba ne. A ce kik ya ja ams 200 na sakan 3, in ka buga lissafi ko kashi ɗaya cikin biyar na ams ɗaya na awa guda bai kai ba, a batir mai 62 wannan ba komai ba ne, lafiyayyar altaneta cikin 'yan mintuna ta mayar da shi. Da a ce komai na motar lafiya yake, tafiyar minti goma safe da yamma ba za ta kashe batir da bai shekara ba. Inda gizo ke saƙar shi ne batir ɗin ya riga ya taɓa sauka ƙasa sau ɗaya, ko an manta fitila ko wani abu, aka jona aka tashi, daga nan kuma ba a taɓa cika shi ba. Batir da ya sauka rabi yana buƙatar awanni yana shan caji a hankali, ba minti goma ba, ba ma minti talatin ba, don shi irin wannan batir ɗin na dalma da asid in ya doshi cika sai ya rage karɓa, ƙarshen cikar ita ce mai cin lokaci. To sai ya zauna kullum a rabi, in ya daɗe a haka wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan ciki, ƙarfinsa ya riƙa raguwa, mai 62 ya koma yana aikin mai 30. Gajeriyar tafiya ba ita ta kayar da shi ba, hana shi tashi ta yi.

Rewaya_Bolari:
Injiniya a takarda haka ne ban musa ba. Amma kai kana lissafin mota ce da ke tashi bugu ɗaya. Zo gareji ka ga motar da fulogi ya mutu, famfon mai ya yi sanyi, sai an ja kik sau huɗu sau biyar kowanne a riƙe shi ya daɗe. Sannan mutum ya tashi ya kunna esi har ƙarshe, fanka biyu na gaba suna juyawa, ga allon Android da aka ƙara, ga cajar waya, ya shiga gosulon Jekadafari yana tafiya kamar hawainiya, inji bai wuce silo ba. A haka abin da altaneta ke bayarwa kayan motar ne ke cinyewa, ɗan abin da ya rage ne ke isa batir. Ya tsaya makaranta ya kashe, ya tayar, ya tsaya wajen mai ƙosai ya kashe, ya tayar.

Injiniya_Kumo:
Wannan kam na yarda. In kik yana daɗewa lissafina ya rushe.

Alhajin_Kauye:
Ku duk kun cika turanci. Ni maganin da nake yi mai sauƙi ne, da na shigo gida da dare sai in buɗe bonet in zare kan batir, da safe in mayar. Ba ruwana da mita.

DanPantami:
Alhaji kullum?? Da babbar riga za ka fita ɗaurin aure sai ka fara shiga bonet 😂😂

Alhajin_Kauye:
Yaro ai sifana lamba goma tana aljihun ƙofa, ko sakan talatin ba na yi

Rewaya_Bolari:
Ranka ya daɗe Alhaji dabararka tana aiki, amma ita kanta shaida ce cewa akwai abin da ke shan wuta a motarka in an kashe ta, ka ɓoye ciwon ne ba ka warkar ba. Kuma yawan cirewa da mayarwa yana sa kan ya buɗe ya daina kamawa da kyau, shi ya sa kake ganin wasu sun cusa ƙusa ko guntun gwangwani a tsakani. In dole sai an cire a cire na baƙin, wato mai alamar ragewa, shi ake fara cirewa kuma shi ake mayarwa ƙarshe. Akwai ma wani ɗan makunni da ake ɗaurawa a kan batir ɗin, murɗawa kawai za ka yi ba sai da sifana ba. Maman Sadik ke kam ki yi hattara da wannan, Honda da yawa in aka cire batir rediyon yana kullewa sai an sa masa lamba, in ba ki da ita shi ke nan sai shiru.

Maman_Sadik:
Ashe shi ya sa! Tun ranar kasuwar nan rediyona yake rubuta wani abu ya ƙi magana, na ɗauka lalacewa ya yi. Allah ya saka da alheri

Bappa_Wunti:
Gaisuwa daga Bauchi. Ni abin da nake ganin ba a taɓo ba shi ne zafi. Mu nan kowa yana kuka da batir lokacin hunturu, Disamba da Janairu da asuba mota ya ƙi tashi sai a ce sanyi ya kashe batir. Ba sanyi ba ne, zafin Maris da Afrilu ne ya riga ya cinye shi, lokacin da ake kaiwa digiri 40 a inuwa balle cikin bonet, ruwan ciki yana ƙonewa farantan suna ci. Sanyi zuwa kawai yake ya tona asiri, don da sanyin safiya baƙin mai ya yi kauri inji ya yi nauyi, shi kuma batir ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa batir da zai yi shekara biyar a Turai mu nan in ya yi biyu zuwa uku sai godiya. Baban Ilham in naka mai murfi ne a sama ka buɗe ka leƙa, in ka hango farantan sun fito ruwa bai rufe su ba to ga ɗaya daga cikin matsalolinka nan.

Ummu_Hanan:
Tambaya don Allah, in ruwan ya ragu asid ake ƙarawa ko me? Mai gidana ya taɓa sa yaro ya zuba ruwan leda

Bappa_Wunti:
A'a Hajiya, ba asid ba ba kuma ruwan leda ba. Abin da ke ƙonewa ruwa ne, asid ɗin yana nan, in kika ƙara asid ya yi ƙarfi da yawa ya ci farantan. Ruwan leda da na famfo da na rijiya kuma duk akwai gishiri-gishiri a cikinsu da ke ɓata batir. Ruwan batir ake saya, tataccen nan da ake sayarwa a gora wajen masu kayan mota, a zuba ya ɗan rufe farantan kawai kar a cika shi har baki. In kuma batir ɗin rufaffe ne marar murfi ba a ƙara masa komai.

Malam_Tumfure:
Duk wannan abin asalinsa tsadar mai ne in za a faɗi gaskiya. Kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, mutum ranar Asabar zai ɗebi iyali a je Kaltungo ko Bajoga gaida dangi a dawo, batir ya sha caji ba tare da ka ma sani ba. Yanzu wa zai yi? Mai ya taɓa haura dubu, mutane sun jingine motoci sun koma Keke Napep da mashin, mota sai ranar Juma'a ko in za a kai mara lafiya asibiti. A layinmu kaɗai motoci nawa ne aka lulluɓe da tamfol

DanPantami:
Wlh kuwa. Ni yanzu mai na dubu biyar nake sha allura ko motsi ba ta yi

Sarkin_Tasha:
Ku da kuke zagaye cikin gari kuna kuka mu mu ce me? Fasinja ya ragu, ga kuɗin taya ga na baƙin mai, ga hanya in ka wuce Alkaleri... bari dai in yi shiru

Bappa_Wunti:
Gara ka yi shirun Sarkin tasha, in aka shiga maganan hanya sai mu kwana nan 😅

Baban_Ilham:
Jama'a a dawo kan batir don Allah 🙏 Har yanzu ba wanda ya amsa min maganar silo ɗin. In bar ta minti ashirin da safe ko kar in bari?

Injiniya_Kumo:
Ni dai a ganina asarar mai ce. A silo altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta, tana caji amma kaɗan-kaɗan, kuma injin irin naka yana shan wajen rabin lita zuwa lita guda a awa yana tsaye, ka lissafa minti ashirin kullum har wata. Ga shi inji ba ya son dogon silo, fulogi yana yin baƙi. Da ka yi haka gara sau ɗaya a mako ka hau babban titi ka yi tafiyar minti talatin zuwa arba'in ba tsayawa. Amma ka fara kai batir ɗin a cika shi da na'urar caji tukuna, in ba haka ba ita ma tafiyar ba za ta fitar da kai ba. Sannan duk mai yin silo a cikin gareji rufaffe ya daina, hayaƙin salansa yana da iskar da ba ta wari ba ta launi kuma tana kisa, musamman in garejin yana manne da ɗakin kwana.

Malam_Tumfure:
To ai ga mafita, Asabar ka ɗauki Maman Ilham da yara ku tafi Dadin Kowa, ko kilomita 40 bai kai ba, ku sayo kifi ɗanye a bakin dam ku dawo. Batir ya cika, miya ta yi daɗi, uwargida ta yi farin ciki.

DanPantami:
Kai da ka gama cewa ba kuɗin mai yanzu kuma kana tura shi Dadin Kowa har da kuɗin kifi

Malam_Tumfure:
Ai ba aljihuna ba ne 😂

Sola_Arawa:
Ni harkar sola nake yi, bari in sa baki. Wanda motarsa ke yawan zama ko gajeriyar tafiya kawai yake yi, abu mafi araha a dogon zango shi ne ƙaramar cajar batir ta gida, irin mai kashe kanta in ya cika. Ka jona ta da dare in akwai wuta ko a inbata, sau ɗaya a sati biyu ma ya isa. Ƙa'idar da muke bi ita ce kashi ɗaya cikin goma na girman batir, mai 62 a ba shi wajen ams 6, mai 75 wajen 7, ya kwana yana sha. Matsalar wasu masu caji na bakin titi ita ce sauri, kana tsaye kana jira sai su ɗura masa wuta mai yawa awa ɗaya ka taɓa shi ka ji ya yi zafi yana tafasa, zai tayar maka da mota yau amma an rage masa kwana. In za ka kai ka ce a sa maka a hankali ka bar shi ya kwana.
In kuma unguwarku wuta sai a hankali, ƙaramin faranti na sola mai wat 10 ko 20 ya wadatar ya riƙe batir kar ya sauka, rana kam Allah ya hore mana ita a Gombe. Sai dai kar a ɗauko babban faranti a jona kai tsaye ba kwantirola mai daidaita wuta, farantin da ake kira na bolt 12 yana fitar da 18 zuwa sama in rana ta take, zai dafa batir ɗin ne. Kuma a yawancin motoci ramin cajar waya yana mutuwa in an zare makulli, don haka ta nan ba zai yi caji ba sai an kai wayar kan batir.

Ummu_Hanan:
Mu da muke da inbata a gida ba za a iya ɗora batir ɗin mota a kai ya yi caji tare da na gidan ba?

Sola_Arawa:
Kar a haɗa su Hajiya. Da yawan inbata na gida bolt 24 ne ko 48, ba 12 ba irin na mota. Ko da 12 ne ma, girmansu da irinsu ba ɗaya ba, ɗaya zai riƙa janye ɗaya. Ki sa cajar a soket kawai kamar yadda za ki sa cajar waya. Haka masu cire batir ɗin mota su kunna talabijin da fanka da dare, shi ba a yi shi don a tsotse shi a hankali har ƙasa ba, an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan sakanni, in ana sauke shi ƙasa a kai a kai ba ya daɗewa.

Baban_Ilham:
Hmm wannan maganar ta sa na tuna wani abu. In an ɗauke wuta da dare yaran gidan nan suna karɓar makulli su je su sa cajin waya a mota, wani lokaci in ana ƙwallo babban yana zama ciki yana ji a rediyo. Wannan zai iya zama sila?

Rewaya_Bolari:
To ai ga ɓarawon nan a cikin gida 😂 Wayar ita kaɗai ba wani abu take ja ba, amma in an murɗa makulli rediyo da allo duk sun tashi, in ya ƙara murɗawa gaba don ya sauke gilas ko ya kunna fanka to komai na motar ya farka, ga ƙofa a buɗe fitilar ciki tana ci. Wasa ɗaya minti 90 ne ban da hutu. Washegari kuma ka yi tafiyar minti goma ka ce ta mayar.
Duk da haka a gwada ko akwai mai sha a ɓoye. Ana kashe komai a rufe ƙofofi, a cire kan baƙin a sa mita a tsakani, a jira kamar minti ashirin zuwa talatin motar ta yi barci. Lafiyayyar mota abin da take ja ba ya wuce ams 0.05, na agogo da ƙwaƙwalwa da rimot. In aka ga 0.3 ko 0.5 sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda in an zare lambar ta faɗi. Abin da muka fi kamawa: tiraka mai nuna inda mota take da aka ɗaura ba daidai ba, allon Android da aka ba shi wuta kai tsaye, jiniyar ɓarayi, fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe, sai diyod ɗin altaneta in ya ƙone, wannan da rana tana caji da dare tana zuƙewa.

Injiniya_Kumo:
Fitilar but ɗin nan kar a raina ta. Ƙwai mai wat 5 yana jan kusan ams 0.4, a kwana ɗaya ams 10 ke nan, kwana uku rabin batir ɗin Baban Ilham ya tafi. Hanya mai sauƙi ta ganewa, ka kunna bidiyo a wayarka ka ajiye ta cikin but ka rufe, ka buɗe ka duba.

Maman_Sadik:
Kai wannan dabara ta yi. Malam Rewaya tunda ana kai, wayar jonawar nan wanne ake fara maƙalawa? Kullum sai an yi gardama a kaina, kowa da nasa

Rewaya_Bolari:
Ja a kan alamar tarawa na mataccen, ɗaya bakin jan a kan tarawa na mai rai. Baƙi a kan ragewa na mai rai, bakin ƙarshe kuma ba a kan mataccen batir ba, a maƙala shi a jikin ƙarfen inji nesa kaɗan, saboda batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta kuma bakin ƙarshe shi ke yin tartsatsi. A bar mai ran tana aiki minti kaɗan kafin ki murɗa. Wajen cirewa a faro daga na ƙarshe a koma baya. Kuma Hajiya ki tsaya a kansu da idonki, in aka juya ja ya koma baƙi ko na sakan ɗaya ne babban fiyus ya tafi, in ba a yi sa'a ba har ƙwaƙwalwa.

Alhajin_Kauye:
Wani abu kuma, ku duba farin garin nan da ke taruwa a kan batir kamar an barbaɗa alabo. Shi ma yana hana wuta wucewa. Ni kanwa nake jiƙawa a ruwan ɗumi in zuba, ka ga yana kumfa, in goge da tsohon buroshin haƙori in shanya in shafa basilin. Wannan ma turancin ne ko ya halatta Injiniya?

Injiniya_Kumo:
Ya halatta Alhaji 😄 kanwa tana kashe kaifin asid, daidai ne. A dai kula kar ruwan ya shiga cikin ramukan batir ɗin, kuma kar ya fantsama a ido.

DanPantami:
Ni fa har yanzu ina kan bakana. Wani batir ɗin tun a shago ya mutu, ya yi wata da watanni a ajiye cikin zafi ba mai caja shi, a goge shi da tsumma a miƙo maka a ce sabo. Ni aka taɓa yi min haka a wani shago, wata uku ya kumbura. Duk wanda zai saya ya duba ranar da aka buga a jiki kuma ya sa a ɗora mita a gabansa kafin ya biya

Bappa_Wunti:
Wannan ma gaskiya ne DanPantami, ba a ƙi taka ba. Kuma wasu don araha sai su sa ƙaramin batir a motan da ke son babba.

Sarkin_Tasha:
Ko kuma a sa mai 100 a Corolla wai don kar ya mutu, alhali in ba ka tafiya shi ma saukan zai yi, ya dai fi daɗewa kafin ya kai ƙasa

Baban_Ilham:
Salam, ga yadda ake ciki. Na ari mita wajen wani maƙwabcina mai gyaran talabijin. Da safe kafin in tayar 12.1 ta nuna. Da na tayar ta hau 14.1, da na kunna esi da fitila ta sauko 13.6 ta tsaya nan. But ɗin na gwada da waya kamar yadda Injiniya ya ce, fitilar tana mutuwa. Makulli kuma na karɓe, ana ta fushi da ni a gida. Batir ɗin rufaffe ne ba murfi. Yanzu me ya rage?

Rewaya_Bolari:
Altanetarka ba ta da laifi ke nan. 12.1 kuwa ya yi ƙasa sosai. Ka kai shi ya kwana a caji a hankali, in an cire a bar shi ya huta wasu awanni kafin a auna don da zafinsa zai nuna maka lamba ta ƙarya. In ya tsaya 12.6 ka mayar ka ci gaba da aunawa duk safiya na kwana biyu uku. In kuma washegari ka ga ya dawo 12.2 alhali ba a jone yake da komai ba, ko ana murɗa kik ya faɗo ƙasa da 10, to ya gama, ka nemi takardar garantinka.

DanPantami:
Za ku zo inda nake ne dai, ina nan ina jira

Injiniya_Kumo:
Ko ya mutu ma ba shi ke nuna a mace aka sayar masa ba, saukar da ya yi ta yi ana jonawa ta isa ta kashe sabo fil. Kuma gwajin mai sha a ɓoyen har yanzu ba a yi ba, in akwai shi sabon ma haka zai bi.

Maman_Sadik:
Baban Ilham in ka je sayen cajar da Sola_Arawa ya faɗa ka tambayo min kuɗinta don Allah, ni Dadin Kowa duk sati ba zan iya ba. Kuma wa ya san inda ake samo lambar rediyon Honda a garin nan?